Tuwon Sinyora

Idan sanyi ya gangaro daga dutsen Totil
ya bi yashin Gash, inda kogi ya kwashe kayansa ya tafi,
kakata Yalwa takan sa a sauko mata da tukunyar ƙarfe
mai kunne ɗaya, wadda ta shigo da ita Kasala
daga Tasanai, a cikin buhun dawa,
a shekarar da lissafinta ya ɓace mata.

Damina tara ta yi a madafar wata Ba'italiya,
Sinyora Arsiliya, matar mai injin gurzar auduga.
Yarensu bai zauna mata ba, sai sunayen abin tukunya.
Takan ce, ranar farko matar ta tafasa ruwa,
tana barbaɗa garin masara, tana juyawa,
tana dubana ko kaina ya ɗauka.
Bulanta, in ji ta, ta ɗaga yatsa sama.
Na danne dariya har haƙarƙari ya yi mini ciwo.
Teku guda suka ƙetaro
su koya wa 'yar Hausa tuƙin tuwo!

Amma miyar, wannan kam sai da na durƙusa.

Wake ya kwana a ruwa.
Albasa ta narke, ba ta ƙone ba,
kada ki matsa mata, ba bashi ta ci miki ba.
Man zaitun ya fi ƙarfin aljihunmu,
man riɗi ya tsaya a gurbinsa, bai ji kunya ba.
Sai kabewa, sai karas, sai tumatirin ɗari
mai tsami kaɗan, mai nauyi a tafin hannu,
gurasar jiya da ta bushe a gutsuttsura a ciki,
ɗoɗɗoya a ƙarshe, da hannu, ban da wuƙa.
Wuta kuwa ta yi magana ƙasa-ƙasa
daga azahar har a kira magariba.

Akwai shekarar da hanya ta toshe, cuku ya yanke.
Sinyora ta zauna bakin murhu ta rafka tagumi.
Kaka ta juya baya, ta kwance bakin zane,
ta marmasa daddawar batso a tukunya.
Matar ta sha kwano biyu, ta share ido,
ta ce haka uwarta ke yi a ƙauyensu cikin duwatsu.
Kaka ba ta ce uffan ba.
Ta riƙe sirrin har auduga ta ƙare, aka rufe injin.

Bana gidanmu ya cika.
'Yan'uwa daga Madani, da abin da hannu ya iya ɗauka,
tabarma har bakin zaure, takalma sun fi ƙofa yawa.
Hannun Kaka na rawa, muciya ta dawo wurina.
Na ce, tukunyar ba za ta kai ba.
Ta ce, ƙara ruwa, ƙara kabewa.
Miyar talakawa ce a can ma, ta saba da baƙi.

Muka kewaye faranti, gwiwa na gugar gwiwa.
Kawu Mu'awiya, da ƙasar gonar albasa a farcensa,
ya ce abincin da ba yaji ai jinya ce,
ya zazzaga barkono, ya miƙo kwano karo na uku.
Ƙaramar Rumaisa, wadda ba ta yi magana ba tun zuwansu,
ta lashe cokali, ta ce, saura?

Aka jefa ɓawon lemun Sawagi a garwashi,
aka ɗora gahawa da citta.
Kaka ta ja mayafi, ta leƙa gindin tukunya,
ta kankare ƙanzon da ya rage,
ta tura wa yarinyar.