Kafin Mu Ga Dutse

Mun bar Maradi da asuba,
tsohuwar motar Nomau tana tari kamar mashayin taba,
tanti biyu a bisa, jarka huɗu ta ruwa,
da kilishin da Tsahara ta ce kada a taɓa sai Dakoro.
An taɓa shi tun Tibiri.

Bayan Dakoro kwalta ta yi mana sallama.
Sai ciyawa, ciyawa har inda ido ya gaji,
ƙarangiya tana cafke ƙafar wandon
duk wanda ya sauka kama ruwa.
Wani makiyayi ya nuna mana hanya da leɓe,
bai sauke hannu daga sandarsa ba.

Dab da Gadabeji taya ta fashe.
Nan muka kwana.
Iska ta tuge tantin Nomau ta kai shi gindin aduwa,
muka bi shi da tocila muna dariya,
ƙarshe kowa ya shimfiɗa tabarma a fili.
Ban san taurari suna da nauyi ba
sai daren nan, da suka sauko mini a ƙirji.
Shayi na uku, mai zaƙin.
Can nesa dila yana kiran wani da bai zo ba.

Duwatsun Abzin saura kwana biyu, in ji taswira.
Tsahara ta ninke ta, tana fifita gawayi da ita:
"Dutse ba ya gudu."

Da safe barewa biyu suka tsaya suna kallonmu
muna tonon jak a ƙarƙashin kaya,
kamar mu aka zo gani.