Ɗaki na Goma Sha Huɗu

Ƙarfe shida a Sheffield, gari bai waye ba,
farantin magunguna a hannuna.
Ni ce mai ce wa tsofaffin gidan nan su buɗe baki,
ni ce mai leƙa ƙarƙashin harshe
ko wani ya yi mini ɓoyo.

Nawa kuwa yana can ƙasan jaka,
tsakanin carbi da tikitin bas,
kwali uku, ba a ɓare ba tun azumi.

Nas ta ɗaura mini abin awo,
ta kwance, ta sake ɗaurawa.
Ɗari biyu da takwas bisa ɗari da ashirin.
"Asabe, kanki ba ya sara?"
Na ce lafiya lau.
Haka aka koya mana amsa gaisuwa
ko da katanga na bisa ƙirjin mutum.

Ta ce shan na har abada ne.
Kalmar nan ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.
Inna ta sha irinsa shekara bakwai a Funtuwa,
amma wata Laraba tana tankaɗe
ɓarin jikinta ya shanye.
To me ƙwaya ta hana?

Na koma wa tafarnuwa da zoɓo ba sukari.
Sai dai ba zan yi wa kaina ƙarya ba:
farar ƙwayar fitsari take sawa,
kuma mai aikin awa goma sha biyu
ba ta zuwa bayi sau takwas manaja yana kallo.
Zamana a ƙasar nan a sa hannunsa yake rataye,
kuɗin makarantar Sagir da Hajjo a zaman nawa,
ƙusar da aka rataya wa kaya
wa ya ba ta izinin lanƙwasa?

Doreen, shekara tamanin da tara,
ta ƙare ƙuruciyarta tana goge cokula a masana'anta,
ta fi kowa iya tofar da magani.
Ran nan na sunkuya gyara mata matashi,
taurari suka cika mini ido da rana tsaka,
na dafa gado.
Ta riƙe wuyan hannuna da yatsu kamar tsinke.
Ta ce mijinta ma haka ya riƙa dafa bango
yana cewa ba komai.

Washegari ta datse baki.
Na lallasa, na yi zolaya, ta nuna jakata da haɓa.
Sai na sha za ta sha.

Na ɓare kwalin a gabanta, hannuna na rawa.
Na yi bisimilla, ta ɗaga kofinta.

Yau kwana goma sha tara.
Na tsallake biyu, ran da take asibiti.
Ban faɗa mata ba.
Ta dawo jiya, ta kalle ni sama da ƙasa,
ta ce in buɗe baki.