Hanyar Komowa

Sau biyu na sayi batir a shekara guda,
sau biyu na zagi mai batir a zuci.
Motar nan da Baba ya bari,
in na taka birki sai fitila ta runtse ido,
in na danna hon sai ta yi kukan akuya mai mura,
da asuba kuwa, ƙyas, ƙyas, shiru,
sai yaran layinmu sun tura ni har bakin kwalta.

Wani ya ce altaneta ce.
Wani ya ce kik ne.
Maƙwabcina ya ce baki ne, a yi mata tofi.

Ranar Laraba na gangara Ƙofar Ruwa,
na ratsa masu rodi da masu gilashi
har rumfar Jazuli ruwaya,
gindin wata darbejiya da baƙin mai ya rine saiwarta.
Bai tambaye ni komai ba.
Ya ɗaga bonet, ya tokare shi da sanda,
ya ƙarasa tauna rakensa tukuna.

Bai kula jar waya ba, wadda kowa ke dubawa.
Baƙar ya bi da yatsa
kamar mai laluben ƙaya a tafin ƙafa,
daga kan batir, ta sulale ƙasa,
har wani noti da tsatsa ta cinye,
ya yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa.
Ya ɗan ja ta. Ta biyo hannunsa.
Silin tagulla uku kacal ke da sauran rai.

Ya ce, "Malam, batirinka ƙalau yake.
Wuta 'yar aike ce.
Kun share mata hanyar fita,
kun bar ta komowa ta toshe.
Ɗan aiken da bai dawo ba, ai bai gama aike ba.
Sabitu! Sifana goma, da samfefa!"

Yaron ya zo da waya mai kaurin babban yatsa.
Jazuli ya auna da kamu, ya yanka gida uku,
ya danne bakin kowace da guduma a kan tsohon rim.
Ya goge bodi, ya goge, ya goge,
har fenti ya kauce, ƙarfe ya yi haƙori.
Ɗaya daga batir zuwa bodi.
Ɗaya daga bodi zuwa jikin inji.
Ta ukun ya kai wa altaneta,
ya ce wannan gyara ce, kamar ta mai ƙosai.
Ya ɗaure tamau, ya shafa giris
don damina kada ta sami wurin zama.

Ni kuwa tsohuwar na ɗauka daga ƙasa.
A tsakiyarta akwai shuɗin salatif,
naɗi biyu, sannan a karya baki a cusa.
Na san naɗin nan.
Haka yake ɗaure mana hannun jakar makaranta,
haka ya ɗaure ƙafar tabaransa har ya bar duniya.
Wace rana ya tsaya, a wane titi,
da wace tocila a baki,
ya lallaɓa ta don ya kawo mu gida?

"Murza mu ji."
Na murza. Bugu ɗaya.
Inji ya yi gyaran murya kamar liman.

Na biya, ban nemi ragi ba.
Wayar Baba tana aljihun gaba, tana ɓata mini riga.
Magariba ta kawo jiki, fitila har kan gada take kaiwa.
Kurna zan nufa,
amma a kwana sai sitiyari ya karkata Gwammaja.
Wata nawa rabona da lungun nan?
Na ƙirga, na ji kunya, na daina.

A ƙofar gida na danna hon sau biyu, yadda yake yi.
Can ciki na ji faɗuwar murfin tukunya,
sai takun silifas,
sai muryar Inna daga soro:
"Wa ya dawo mata da muryarta?"