Inda Ƙasa Ke Shan Ruwa

Babana Barau da diddige yake auna ƙasa.
Ya taka, ya tsaya, ya dubi inda kanya ta ƙi bushewa a tsakar rani,
ya ce, "Nan. Gaba bakwai."
A gaba ta bakwai laka ta jiƙa masa gwiwa.
Rijiya arba'in da ɗaya ya bari tsakanin Bomo da Basawa.
Yau sha tara ne ke amsa guga.

Ni kuwa ina Samaru, ɗaki mai fanka ɗaya,
tauraron ɗan'adam yana miƙo min Kubanni daga sama
kamar jijiya a bayan hannun tsohuwa.
Shi ya nemi inda ruwa ke kwana,
ni ƙofar da yake shiga nake nema.

Sai na shimfiɗa taswira bisa taswira
yadda Inna ke jera zannuwa a adaka:
ta gangare a ƙasa, ta ruwan sama a kanta,
ta jigawa da laka da marmara,
ta tsagar dutse da ido bai gani,
wadda ta nutse ƙarƙashin gonaki ba sallama.
Kowacce na auna mata rabonta.
Dakta Gambo ya ce na cika wa gangare mudu.
Muka yi ta musu har aka kira la'asar.
Na rage.

Kwamfuta ba ta taɓa jin ƙishirwa ba,
don haka ban yarda da ita ba sai da na fita.
Zoben ƙarfe biyu, jarka, agogon waya.
A fakon Hanwa ruwan ya zauna yana kallona minti hamsin,
har mai tura baro ya tsaya ya ce, "Anti, me aka shuka?"
A bayan Bomo kuwa, kafin in rufe bakin jarka
ƙasa ta shanye, ta sake miƙo baki.

Daren Laraba wuta ta dawo ƙarfe biyu, taswira ta fito.
Ja, inda kwalta da kwano suka haɗa kai,
inda marka ke sauka ta rasa mai yi mata maraba,
ta kwashi leda ta nufi Galma.
Rawaya. Rawaya. Ja kuma.
Can sai shuɗi, ɗan mitsitsi,
kamar tabon baba a farcen marini.
Na matso da shi. Na ƙara matsowa.
Ga kanyar. Ga inda burtali ya karkace.
Gonarmu ce.

Ita ce wadda Yaya Sallau ya sa wa ranar Asabar
da mai gidan bulo, da zai malale ta da siminti
daga wannan iyaka zuwa waccan.
Kuɗin ba laifi. Rabona a ciki
shi zai biya shekarar ƙarshe ta karatun nan
da ya ce min kada a sayar.

Na kai masa takardar da safe.
Ya riƙe ta a juye, ya gyara, ya daɗe a kanta.
"Shuɗin nan naki, Ladi, zai biya asibitin Inna?"
Taswira bakwai na jera,
babu wadda na zana wa wannan tambaya.

Da yamma na je gonar ni kaɗai.
Hadari ya haɗo daga gabas.
Na cire takalmi, na kafa diddige
inda nake zaton ya kafa nasa.
Ɗigon farko ya faɗo, ƙasa ta karɓe ba ƙara,
ya kama doguwar hanyarsa cikin duhu,
wata da watanni,
kafin ya hau gugan wata mata a Basawa
da ba ta ko san sunanmu ba.

Na tsaya har rigata ta jiƙe.
Asabar saura kwana biyu.