Duk

Ranar da na sauka Stoke ana yayyafi,
na miƙa wa direban bas kuɗi, hannuna na rawa.
Ya ce wani abu, ƙarshensa "duk".
Na tsaya a ƙofa ina jiran sauran zancen.
Duk me? Duk kuɗin? Duk mu sauka?
Na bayana suka fara gyaran murya.

Da dare na tambayi Talatu, mai shekara tara a garin.
Ta yi dariya har miya ta sarƙe ta.
"Agwagwa ya ce miki, da bakin mutanen nan."
Na ajiye cokali.
Ni, 'yar Malam Iro, da digiri biyu a akwati,
ni ce mai tafiya tana jefa ƙugu?
Ni ce mai wanka a kwatami?
Na kwana da abin kamar tsakuwa a takalmi.

Washegari mai burodi ta faɗa mini.
Ta faɗa wa ɗan sanda.
Ta faɗa wa wani ƙato mai zane har wuya,
ya amsa da ladabi, ya karɓi canjinsa.
Ashe agwagwar garin nan ba ta da fiffike,
ba ta ƙwai, ba a yanka ta.
A ƙarshen magana take zama,
wurin da mu muke sa "bawan Allah".

Sai aiki ya kai ni ɗaki na sha huɗu, wurin Beryl.
Shekara arba'in da ɗaya ta yi
tana zana zoben zinariya a bakin kofin tangaran.
Har yanzu in ka ba ta shayi
sai ta ɗaga faifan kofin ta duba tambarin ƙasansa,
ko da zai zuba mata a cinya.
Sunaye sun tsiyaye mata
kamar gero daga ɓulallen buhu.
Ɗanta Keith yana zuwa ran Lahadi da furanni,
ta dube shi kamar mai karɓar kuɗin wuta.
Amma kalmar nan ba ta bi ramin ba.
Da ita take kiransa, da ita take kirana,
da ita take ba kujera haƙuri in ta yi karo da ita.

Ina goge mata baya da ruwan ɗumi na tuna gida.
Kakata tana kiran ƙanena "angona"
alhali bai daina jiƙa tabarma ba.
Babana har ya rasu "Uwata" yake ce mini,
don bakinsa ba zai ɗauki sunan da aka sa mini ba.
Wa ya taɓa kai ƙararsu gaban ƙamus?

Wata asubar Alhamis numfashinta ya fara sarƙewa.
Keith yana hanya, motarsa ta ƙi tashi.
Na riƙe hannun da ya zagaye kofuna dubbai bai kauce ba.
Ta buɗe ido, ba ta san ni ba,
ta dai san akwai mutum.
Ta faɗa, can ƙasa.
Wannan karon ban jira sauran zance ba.

Kunnena na ranar farko bai yi ƙarya ba.
Hausa ya ji, kuma Hausar ta yi daidai:
duk.
Direba, ɗan sanda, ɗan da ta manta,
baƙuwa daga Funtuwa mai hannu da sanyi.

Keith ya ba ni kofi ɗaya cikin nata.
Ba na shan komai a ciki, 'yan kunne nake ajiyewa.
Jiya a tasha wata yarinya da sabon akwati
ta tambaye ni bas ɗin Hanley.
Na nuna mata, kalmar ta kuɓuce mini.
Ta tsaya tana kallona, tana jira.