Idon da Ya Girme Ni

A Tibilisi, kan gadar da kogi ya daina bi ta ƙarƙashinta,
Otar ya shimfiɗa bargo ya jera idanun kyamara,
baƙaƙe, masu nauyi kamar dutsen guga,
tsakanin cokulan azurfa da lambobin yabon sojojin da suka riga mu.

Na ɗaga ɗaya na duba shi a rana.
Fumfuna ta yi saƙa a ciki, ga tabo a gefe.
"A wajen biki ya faɗi," in ji Otar,
"amma bai fasa gani ba. Lari arba'in."
Na ba shi talatin, ya rantse na yanke shi,
ya naɗe mini shi cikin safa.

Na goma sha biyu ke nan.
Matata na ce musu baƙin da ba sa sallama.

Wannan ido ba ya farautar fuska da kansa.
Sai ka murza zobe,
man cikinsa ya daskare tun zamanin gwamnatin da ta rushe,
sai ka lallashe shi kamar tsoho a kan matakala.

Lamara mai burodi ta zauna bakin tanderu,
ta ɗaura murmushin da take ajiye wa baƙi.
"Yi sauri, ƙulluna na tashi."
Na murza: dishi-dishi.
Na ƙara: ga gari a girarta.
Na zarce har bango, na dawo da baya.
Ganyen inabi a bayanta ya narke,
yana juyawa kamar ruwa a kwano.

Murmushin ya gaji, ya sauka.
Ta manta da ni, ta tafi wani wuri da idanunta,
can inda ba a gayyace ni ba.
Nan na danna.

Da na kai mata hoton ta goge hannu a zane,
ta daɗe tana kallo.
"Ai wannan uwata ce," ta ce.

Ban gaya mata na yi kuskure ba:
idonta ya ɗan dusashe,
ɗan kunnenta ne ya fito tar,
na tagulla, wanda Givi ya saya mata
kafin jirgin ƙasa ya tafi da shi.

Ta sa yatsa daidai wurin.
Burodi na ƙonewa, ba ta tashi ba.