Kwalbar Amilcar

A Lisbon, kan tudun da tarago ke hawa da nishi,
shekara talatin Amilcar na dakon akwatunan baƙi.
Tukwicinsa na cikin kwalbar zaitun:
sulalla masu huji, masu kan sarauniya,
wani da tsuntsun da bai san sunansa ba.
'Yan canji sun ce ba sa karɓar ƙarfe.
Kuɗin da ko burodi ba ya saye.

Baƙin yanzu sai su shafa aljihu,
su ɗaga kati, su yi murmushin ban haƙuri.
"Na gode" ba ta ƙara a kwalba.

Da dare jikarsa Leonor ta zazzage su a tebur,
tana jera ƙasashe.
"Kaka, duk ka je nan?"
"A'a, su suka zo.
Gadon bayana ya san nauyinsu."